Manhajar karanta allo: Bai kamata makafin Kaduna su dogara da faci ba

A shekarar 2015 Gwamnatin Jihar Kaduna ta haramta bara a kan tituna. Tun daga lokacin, saƙon da ake isar wa makafi ɗaya ne: a ajiye ƙoƙo, a nemi ilimi, a kama sana'a. Saƙon ba shi da aibi. Sai dai ilimin da sana'ar duk sun koma kan allo. Rajistar jarrabawar JAMB, biyan kuɗin makaranta, neman aikin gwamnati, tura kuɗi ta banki, duba sakamakon jarrabawa, da wuya a yi ɗaya daga cikinsu yanzu ba tare da waya ko kwamfuta ba.

Ga mai gani, wannan sauƙi ne. Ga makaho da ke Kawo ko Unguwar Rimi ko Tudun Wada, ƙofar shiga wannan duniya guda ɗaya ce: manhajar karanta allo, wadda ke furta masa abin da ke rubuce da murya. Ita ma sau da yawa ba ta wadatarwa ita kaɗai, sai an liƙa mata wasu ƙananan manhajoji na ƙari kafin ta iya aiki da wani shafin intanet ko wata manhajar ofis.

A nan gizo ke saƙa. Inda ake samo waɗannan ƙananan manhajoji, da yadda ake girka su, da wanda ke da alhaki idan sun lalace, batu ne da ba a cika jin sa a bakin hukumomi ba. Alhali kuwa a kansa karatun ɗalibi da aikin ma'aikaci da sirrin asusun banki suke rataye.

Yawan waɗanda abin ya shafa

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.13 masu shekara 40 zuwa sama makafi ne a Najeriya, kuma shiyyar Arewa maso Yamma ce ta fi yawan adadi. Wannan lissafi bai haɗa da yara da matasa ba, waɗanda su ne suka fi buƙatar kwamfuta don karatu da neman aiki.

Kaduna ba baƙuwa ba ce a harkar ido. A Mando ne Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa take, inda marasa lafiya ke zuwa daga jihohi da dama. Ƙungiyar Sightsavers ma tana da ofis a Kaduna. Garin da ya yi suna wajen ceto ido ya kamata ya zama na gaba wajen kula da wanda idonsa ya riga ya tafi.

Yadda manhajar ke aiki

Manhajar karanta allo ba kallon allo take yi kamar yadda ido ke yi ba. Tambayar kowace manhaja take yi: mene ne sunan wannan maɓalli, me ake rubutawa a wannan akwati, wannan rubutu kanu ne ko bayani? Abin da aka ba ta shi take furtawa. Idan wanda ya gina shafin bai sa wa maɓallansa suna ba, abin da makaho zai ji shi ne “maɓalli, maɓalli, maɓalli”, ba tare da ya san wanne ne na tura kuɗi, wanne ne na sokewa ba.

A kwamfuta, manhajoji biyu ne suka fi shahara. Akwai JAWS, wadda wani Ba'amurke mai suna Ted Henter, wanda ya makance sakamakon haɗarin mota, ya assasa. Ta fito a kan Windows a 1995. Tana da ƙarfi, amma da dala ake sayenta, kuma kuɗin ya fi ƙarfin yawancin ɗalibai. Wanda bai biya ba, minti 40 take masa aiki, sai ya sake kunna kwamfutar.

Sai NVDA, wadda Michael Curran ya fara a 2006, daga baya James Teh ya haɗa hannu da shi. Dukansu makafi ne 'yan ƙasar Ostareliya. Kyauta ce, kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta ta. Ana ma iya ɗora ta a kan filashi, mutum ya shiga shagon intanet da ita a aljihu ya yi aikinsa ba tare da ya girka komai ba. A waya kuma, masu Android suna da TalkBack, masu iPhone suna da VoiceOver.

Mene ne ƙarin manhaja?

Masu gina NVDA da JAWS ba za su iya sanin kowace manhaja da ke duniya ba. Don haka suka bar ƙofa a buɗe: duk mai ilimin rubuta manhaja yana iya rubuta wani ɗan umarni da zai koya wa mai karanta allo yadda zai yi da wani wuri na musamman. A JAWS ana kiran irin wannan umarni sikirif, kuma tana da nata harshen rubuta shi. A NVDA kuwa ƙarin manhaja ne da ake rubutawa da harshen Python.

Amfaninsu ba ya ɓoyuwa. Wani ƙarin yana kawo sabuwar murya. Wani yana sauƙaƙa aiki da manhajar gyaran sauti, abin da zai iya ba makaho damar aiki a gidan rediyo. Wani yana fassara rubutu nan take. Wani yana sa wa maɓallan da ba su da suna suna. Akwai wanda ke ba malami damar shiga kwamfutar ɗalibinsa daga nesa ya gyara masa matsala. Wannan ya yi amfani har masu NVDA suka shigar da shi cikin ainihin manhajar a 2025.

Ga ma'aikaci makaho, ƙarin manhaja guda ɗaya yana iya zama abin da ya raba shi da zaman jiran wani ya karanta masa takarda.

Inda haɗarin yake

Amma mai karanta allo ba kamar sauran manhajoji ba ne. Yana jin duk harafin da aka danna, yana karanta duk abin da ya bayyana: kalmar sirri, lambar BVN, lambar katin banki, saƙon da banki ya turo. Duk ƙarin da aka liƙa masa yana samun irin wannan dama. NV Access, ƙungiyar da ke kula da NVDA, ita da kanta tana gargaɗin cewa mutane daban-daban ne ke rubuta waɗannan ƙarin manhajoji, ba ita ke tantance su ɗaya bayan ɗaya ba, kuma suna iya kaiwa ga dukan bayanan da ke cikin kwamfuta.

A gwada wannan da yadda fayil ke yawo a tsakanin jama'a. Wani ya turo a dandalin WhatsApp ko Telegram, wani ya kwafa a filashi, mai gyaran kwamfuta a kasuwa ya girka duk abin da ya samu a hannunsa. Cikin abin da ke yawo har da JAWS da aka fasa wa kulle da muryoyin kuɗi da aka sato. Ba wanda ya san hannu nawa fayil ɗin ya bi, ko abin da aka cusa masa a hanya. Mai gani yana iya lura da wani baƙon abu ya buɗe a allo. Makaho abin da manhajar ta faɗa masa kawai ya sani. Idan ita aka gurɓata, shi kenan an rufe masa ƙofa da taga.

A waya ma haka abin yake. Izinin da mai karanta allo ke buƙata a Android shi ne dai izinin da ɓarayin intanet ke nema don su kwashe kuɗin mutane, shi ya sa tun daga Android 13 kamfanin Google ya ƙara tsaurara ba da shi ga manhajojin da aka sauke daga wajen kantinsa. Masu amfani da wasu manhajojin karanta allo da ake samu ta fayil ɗin da aka turo, da ƙarin da ake liƙa musu, ya kamata su san irin amanar da suke bayarwa.

Haɗari na biyu shi ne shiru. Ƙarin manhaja da bai dace da sigar da ke kan kwamfuta ba yana iya sa muryar ta ɗauke. Ga makaho, kwamfutar da ta yi shiru daidai take da wadda aka kashe. A ɗauki misalin ɗalibar da ke cike fom a daren ƙarshe kafin a rufe rajista: idan muryar ta ɗauke, dole ta nemi mai gani, ta kuma faɗa masa kalmar sirrinta. 'Yancin da manhajar ta ba ta ya tafi a lokacin da ta fi buƙatarsa.

Wannan ba abin mamaki ba ne, tsari ne sananne. Sigar NVDA ta farko a kowace shekara takan zo da sauye-sauyen da ke tilasta wa masu ƙarin manhaja su sabunta nasu. Wanda marubucinsa ya daina kula da shi, sai ya tsaya. Ga kuma tsofaffin kwamfutoci na hannu da suka cika kasuwanni: sigar NVDA ta 2024.1 ta daina aiki a kan Windows 7, sannan Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Talaka da ke riƙe da tsohuwar kwamfuta shi ne ya fi shiga tsaka mai wuya.

Rigakafi ya fi magani

Akwai ƙa'idoji masu sauƙi da duk mai amfani da NVDA, da malaminsa, da mai gyara masa kwamfuta ya kamata su riƙe.

Na farko, a sauke manhajar daga shafin NV Access, ba daga fayil ɗin da aka turo ba. Tun daga sigar 2023.2, akwai kantin ƙarin manhaja a cikin NVDA kanta, mai suna Add-on Store, a ƙarƙashin jerin kayan aiki. A can ana jin sunan marubuci, da sigar da ƙarin ya dace da ita, da ko ya kammala ko gwaji ake yi. Bai zama tabbacin tsaro ɗari bisa ɗari ba, amma ya fi fayil mara asali nesa ba kusa ba.

Na biyu, a girka ɗaya bayan ɗaya, a sake kunna manhajar, a gwada, kafin a ƙara wani. Wanda ya zuba goma a lokaci guda ba zai san wanne ne ya kawo matsala ba.

Na uku, idan manhajar ta ce ƙarin bai dace da ita ba, kada a tilasta. Akwai damar yin hakan, amma na masu gwaji ne, ba na wanda ke da jarrabawa gobe ba.

Na huɗu, a koyi hanyar tsira tun kafin a shiga matsala. NVDA tana da zaɓin sake tashi ba tare da kowane ƙari ba. Windows kuma tana da nata mai karanta allo, Narrator, da ake kunnawa ta danna Control da maɓallin Windows da Enter lokaci guda. A kuma ajiye kwafin NVDA mai aiki a filashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar, kada a kwafi ƙarin manhaja zuwa allon shiga kwamfuta, inda ake rubuta kalmar sirri, sai da dalili mai ƙarfi. NVDA da kanta tana yin gargaɗi idan za a yi hakan.

Ga masu JAWS, sikirif yana da nasa wurin ajiya a kowace siga, kuma wanda aka rubuta wa tsohuwa ba lallai ya yi aiki a sabuwa ba. A karɓe shi daga marubucinsa kai-tsaye, a ajiye kwafin saitin da ke aiki kafin a taɓa komai.

Hausa a bakin murya baƙuwa

Akwai wani giɓi da ya fi shafar wannan yanki. Yawancin muryoyin da ke zuwa da waya da kwamfuta ba don Hausa aka gina su ba. Makaho Bahaushe yakan saurari saƙon ɗan'uwansa ne da muryar Turanci, tana tauna kalmomin yadda ta ga dama, shi kuma yana lalubo ma'ana. Idan ta zo kan haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ko dai ta tsallake su ko ta furta wani abu daban. Ga shi kuwa “baki” daban, “baƙi” daban; “kasa” daban, “ƙasa” daban.

Rubutun Hausa na yau da kullum kuma ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. “Gari” na iya zama birni, yana iya zama na tuwo. “Kuka” na iya zama hawaye, tana iya zama bishiya. Gina murya mai furta Hausa daidai aiki ne da ke buƙatar masu harshen.

Kayan aikin sun fara samuwa. Shirin Common Voice na Mozilla yana tattara muryoyin Hausa daga masu sa kai. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da fasahar magana ta harsuna sama da 1,000, har da Hausa. NVDA kuma tana da ƙamus na furuci da kowa zai iya gyarawa. Abin da ya rage shi ne waɗanda za su haɗa waɗannan su zama ƙarin manhaja mai sauƙi, mai aiki a kan ƙaramar kwamfuta ba tare da data ba. Wannan shi ne irin ƙarin da ya dace a ce daga Kaduna ya fito.

Wa ya tsaga bangon?

Duk da amfaninsa, ƙarin manhaja faci ne. Yawancin lokaci ana buƙatarsa ne saboda wani ya gina shafi ko manhaja bai yi tunanin makaho ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: da shafukan suna aiki yadda ya kamata, da ba wanda zai je neman fayil mara asali.

Matsalolin sanannu ne. Sanarwar hukuma da aka ɗauka hoto aka ɗora a Facebook ba tare da rubutun ba. Takardar da aka sikana ta zama hoto. Fom ɗin da ke neman a kwafi karkatattun haruffa daga hoto don tabbatar da cewa mutum ne. Manhajar banki mai maɓallai marasa suna. Lambobin tura kuɗi da ke yankewa kafin murya ta gama karanta zaɓi.

Gyaran ba sirri ba ne. Ƙa'idojin WCAG na duniya, waɗanda sigarsu ta 2.2 ta fito a Oktoban 2023, sun fayyace abin da mai gina shafi zai yi, kuma kyauta ake karanta su. Sa wa maɓalli suna aikin 'yan daƙiƙoƙi ne idan tun farko aka yi.

Doka ma tana nan. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a hukumomin gwamnati, ta kuma kafa hukumar kula da su ta ƙasa. A 2021 Jihar Kaduna ta yi tata dokar. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Marrakesh a 2017, wadda ke sauƙaƙa mayar da littattafai yadda makafi za su karanta. Amma ɗaukar makaho aiki a ba shi manhajar ofis da ba ta magana da mai karanta allo, cika adadi ne kawai. An ba shi kujera, an hana shi aiki.

Abin da ya kamata a yi

Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa sharaɗi a duk kwangilar gina shafi ko manhaja: ba za a biya kuɗin ƙarshe ba sai makafi sun gwada da NVDA da TalkBack sun tabbatar yana aiki. A biya masu gwajin, domin aiki ne na ƙwararru, ba alfarma ba. Hukumar kula da al'amuran masu buƙata ta musamman ta jihar ita ta fi dacewa ta jagoranci wannan.

Babban Bankin Najeriya ya wajabta wa bankuna irin wannan gwaji. Mutumin da dole sai ya faɗa wa wani lambar sirrinsa kafin ya taɓa kuɗinsa ba shi da asusu na kansa.

Makarantar ilimi na musamman ta jihar, da Jami'ar Jihar Kaduna, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna su girka NVDA a kwamfutocin ɗakunan karatu, su horar da aƙalla ma'aikaci ɗaya da ya san yadda ake sabuntawa da yadda ake dawo da murya idan ta ɗauke. Hukumar JAMB ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne, tun da ta kafa rukuni na musamman a ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola don makafi masu zana jarrabawarta. Bai kamata kulawar ta ƙare a ƙofar jami'a ba.

Sassan kimiyyar kwamfuta da cibiyoyin fasaha irin su CoLab da KAD ICT Hub su karkata ɗalibansu ga wannan fanni. Ɗalibin da ya iya Python yana iya yin aikinsa na kammala karatu a kan ƙamus na furucin Hausa, tare da makafi a matsayin abokan aiki, ya kuma ɗora shi a kantin NVDA inda kowa zai ga abin da ke ciki.

Ƙungiyar Makafi ta Najeriya reshen jiha ta fitar da jerin ƙarin manhajojin da ƙwararrunta suka gwada, tana sabunta shi duk shekara, ta kuma ja kunnen mambobi kan fayilolin da aka fasa wa kulle. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna da na jiha su ba da fili a koyar da wannan da Hausa, domin rediyo shi ne malamin da ya fi isa ga makaho.

Kafafen yaɗa labarai ma ba su tsira ba: duk hoton da aka wallafa a rubuta bayaninsa, duk sanarwar da aka ɗora a sa ta a rubuce.

Makafin Kaduna ba tausayi suke nema a wannan batu ba. Da yawansu sun koyi kwamfuta da kunne da yatsa, suna koya wa juna, suna lalubo faci inda aka bar musu rami. Sun yi nasu. Saura waɗanda ke gina shafukan, da waɗanda ke biyan kuɗin ginawa, da waɗanda aka damƙa wa aiwatar da doka, su yi nasu.